Warin Takalmi da Maganinsa

Takalmi ɗan ƙaramin abu ne cikin kayan sawar mutum, amma aikinsa ba kaɗan ba ne. Shi ke tsare ƙafa daga ƙaya da fasasshiyar kwalba da tsinin kututture, shi ke raba ta da zafin rairayi da rana tsaka. A ƙasar Daura, inda jigawa ta yi yawa, duk wanda ya taɓa ratsa gona da bazara ba takalmi ya san darajarsa. Har cikin labarin mutanen da ma an ambace shi. Waɗansu masu ba da labarin Bayajida su kan ce, daren da ya kashe macijiyar nan ta rijiyar Kusugu ya bar warin takalminsa a bakin rijiyar, da shi kuma aka tabbatar da wanda ya yi aikin.

Wannan wari na Bayajida, watau ɗaya ke nan daga cikin takalma biyu. Amma akwai wani warin takalmi dabam, wanda ido ba ya gani, sai hanci ke jinsa. Rubutunsu ɗaya ne, ma'anarsu ce ta bambanta. Na farko ya jawo wa mai shi girma, na biyu kuwa ba abin da ya ke jawo wa mai shi sai kunya.

Abin da ya sa a ke kula da shi

Bahaushe ba ya wuni da takalmi a ƙafa. In zai shiga masallaci sai ya tuɓe. In zai gai da Sarki a fada, ko hakimi, ko malami a zaurensa, sai ya tuɓe. Haka kuma in ya je gidan surukai, ko zai hau tabarma a ci tuwo. Saboda haka abin da ke cikin takalmin mutum ba ya ɓoyuwa. Ranar Juma'a, ko lokacin Sallar Gani, sa'ad da mutanen Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ke cika birnin Daura, ƙafa tana gugar ƙafa a cikin sahu. Mutum guda mai warin ƙafa ya isa ya hana na damansa da na hagunsa natsuwa. Addinin Musulunci ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya kusanci masallaci har sai warin ya gushe, don kada ya cuci jama'a. To, abin da baki zai yi wa mutane, ƙafa ma tana iya yi musu.

A makaranta ma haka abin ya ke. Yaron da takalminsa ke wari, sai ya ga abokansa suna matsawa daga kusa da shi a benci, bai san dalili ba. Wani lokaci har su laƙaba masa suna, sunan kuwa ya bi shi har girma. Abin da ya sa ba ya gane dalili shi ne, hancin mutum ya kan saba da warin da ya daɗe yana shaƙa, har ya daina jinsa. Sai ya ji na wani, bai ji nasa ba. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Don haka bai kamata yaro ya jira sai hancinsa ya ba shi labari ba.

Inda warin ke fitowa

Mutane da yawa suna tsammani gumi ne ke wari. Ba haka ba ne. Gumin ƙafa kusan dukansa ruwa ne da ɗan gishiri, in ya fito sabo ba shi da wari.

A fatar mutum akwai waɗansu 'yan ƙananan kafofi da gumi ke fitowa ta cikinsu. Tafin ƙafa da tafin hannu suna cikin wuraren da suka fi yawansu a jiki duka. Masana sun kimanta ƙafafu biyu na mutum suna da irin waɗannan kafofi wajen 250,000. In ƙafa tana a sarari, iska ta kan busar da gumin nan da nan. In kuwa tana cikin rufaffen takalmi, ba shi da hanyar fita, sai ya jiƙa safa, ya shiga cikin takalmin ya zauna.

A bisa fatar ko wane mutum, mai tsabta da ƙazami, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu rai, ana ce da su bakteriya. Don ƙanƙantarsu ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita, mai ƙara girman abu. Wani mutumin ƙasar Holan, mai sayar da tufafi, sunansa Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a 1676, da madubin da ya gyara da hannunsa. Waɗannan ƙwayoyi abu uku su ke bukata su yaɗu: laima, da ɗumi, da abinci. Cikin takalmi kuwa duka ukun sun samu. Gumi ya ba su laima, jikin mutum ya ba su ɗumi, matacciyar fatar da ke saɓulewa daga ƙafa kullum ita ce abincinsu. Ƙwaya guda ta kan rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kafin dare sun wuce a ƙidaya.

In sun ci abinci su kan fitar da abin da ya rage, kamar yadda ko wane mai rai ke yi. Abin nan da su ke fitarwa shi ne ke wari. Wani mai tsami ne, wani kuwa warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe ke nan mai son ya kashe warin takalmi, sai ya raba ƙwayoyin nan da abubuwa ukun da su ke rayuwa da su. Wanda ya fi sauƙin hana su kuwa shi ne laima.

Iri-irin takalma

Tun zamanin da, ƙasar Hausa ta yi suna wajen aikin fata. Majemi ya kan jiƙa ɗanyar fata cikin ruwan toka har gashinta ya saki, ya kankare shi, ya wanke ta. Sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, ta kwana ciki tana sha. Bagaruwar nan ita ke hana fata ruɓewa, ta mai da ita kirgi mai ƙarko. Daga nan a shafa mata mai ta yi laushi, a rina ta, in ja a ke so a sa karan dafi. Sai baduku ya saya, ya yanka, ya ɗinka takalmi, ko jaka, ko kube. Fatar jar akuya ta Sakkwato da ta Maraɗi ta kai har ƙasashen Turai. A da fatake ne ke ƙetare Sahara da ita a kan raƙuma, Turawa kuwa da ya ke daga hannun mutanen Maroko su ke sayenta, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko. Baturen nan Bajamushe, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da a ke ɗinkawa a birnin ana kai su ƙasashe masu nisa ƙwarai.

Takalmin fade irin na dukawa ba ya cika yin wari, gama ƙafa tana sarari, fata kuma tana shan gumi ta sake shi in ta sha iska. Sai fa in ba a jeme fatar da kyau ba. Irin wannan tun a kasuwa ta ke ɗoyi, in ruwa ya taɓa ta kuwa abin ya ƙaru, ba ta kuma da magani. Don haka mai hankali ya kan sansana takalmin fata tun bai biya kuɗi ba. Mutanen da su kan sa dangarafai na katako da damina, don su ɗaga ƙafa daga taɓo, shi ma ba ya riƙe wari.

Daga baya takalman kanti suka shigo: sau-ciki, da kambas, da takalmin roba, da silifa na soso, da takalmin ƙwallo. Roba ba ta shan ruwa, iska kuma ba ta ratsa ta. Gumi sai ya taru tsakanin tafin ƙafa da takalmi, ya gauraya da ƙura ya zama baƙin dauɗa mai santsi. Amma tana da kirki guda, ana iya wanke ta kullum ba ta lalace ba. Kambas da takalmin ƙwallo kuwa suna da yadi da soso a ciki, masu shan gumi su riƙe. Su ne suka fi duka saurin wari, su ne kuma suka fi wuyar bushewa.

Lokutan shekara

Ko wane lokaci na shekara da irin tasa wahalar. Da bazara, wajen watan Afrilu da Mayu, zafi a ƙasar Daura ya kan kai awo 40 a ma'aunin zafi, har ya wuce. Lokacin nan gumi ya fi yawa, amma abin da aka shanya ba ya daɗewa bai bushe ba. Da damina, musamman cikin watan Agusta, iska kanta ta kan yi laima. Yaro ya taka ruwa a hanyar makaranta, ya komo ya jefa takalmi ƙarƙashin gado, da safe ya mai da shi ƙafa yana jiƙe. Kwana uku a haka ya isa takalmi ya yi wari, na fata kuwa har fumfuna ya kan yi. Da hunturu gumi ya kan ragu, amma sanyi ya kan sa yara ƙyuyar wanka. Kaushi ya taru a dunduniya, faso ya tsattsaga ta, ga kuma safa guda an kwana da ita an wuni da ita. Kaushin nan kuwa matacciyar fata ce, watau rumbun abinci ke nan an cika wa ƙwayoyin.

Gyaran ƙafa

Magani daga ƙafa ya ke farawa, gama wanda ya wanke takalmi ya sa ƙazamar ƙafa a ciki, aikin banza ya yi. Alwala tana taimako ƙwarai, tun da ta kan kawar da gumi da ƙura sau da yawa a rana. Duk da haka wajibi ne a wanke ƙafa da sabulu ko sau ɗaya a yini, ko na kanti ko sabulun salo, a cuɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. A goge kaushi da dutse bayan ƙafa ta jiƙa, a hankali, ba har a ji ciwo ba. A yanke farce, a fid da dauɗar da ke maƙalewa a ƙarƙashinsa.

Bayan wanki sai busarwa, a nan ne kuwa mutane da yawa ke kuskure. Mutum ya gama alwala, ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da sau-ciki, ya kama hanya. Ya shigar wa ƙwayoyi da ruwa har gida ke nan. Abin da ya kamata, a tsane ƙafa da tsumma mai tsabta, ko a dakata kaɗan iska ta busar da ita, musamman tsakanin yatsu.

Safa kuma a sake ta kullum. Mai safa biyu ya sa ɗaya ya wanke ɗaya. Wanda guda gare shi ya wanke ta da ya komo daga makaranta, ya juya cikinta waje ya shanya a rana. Safar auduga ta fi ta nailan shan gumi. Sa rufaffen takalmi ba safa kuwa, shi ne a bar takalmi ya sha gumin duka.

Gyaran takalmi

Takalmin roba da silifa, a wanke su da ruwa da sabulu, a goge lungunansu da soso ko tsohon buroshi, a ɗauraye, a jingine su a rana. In sun bushe a ɗauke, don roba in ta daɗe cikin rana ta kan ƙeƙashe ta tsage.

Kambas, a zare igiyarsa, a fid da shimfiɗar cikinsa in mai fita ce, a wanke ko wanne dabam. A buɗe bakinsa sosai a shanya. Rana aiki biyu ta ke yi: zafinta yana busar da laima, haskenta kuma yana kashe ƙwayoyin da ya faɗa a kansu. Ranar da ba makaranta ita ta fi dacewa da wannan wanki, don ya sami lokacin bushewa har ciki. In damina ce, rana ta ƙi fitowa, sai a cusa masa tsohuwar jarida ko busasshen tsumma, in sun jiƙa a sake waɗansu.

Takalmin fata ba a tsoma shi a ruwa, ba a gasa shi a bakin murhu, ba a kuma barinsa cikin rana mai ƙuna, gama zai ƙandare ya fashe. A goge shi ciki da waje da tsumma mai ɗan laima, a ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. In ya bushe a shafa masa ɗan mai ta waje.

Rufaffen takalmin da aka wuni da shi yana bukatar kamar kwana guda kafin ya bushe sarai. Mai hali ya yi biyu, yau wannan gobe wancan. Wanda ba shi da hali, da ya komo gida ya tuɓe na makaranta ya sa silifa, ya ajiye wancan a sarari. Kada a kulle takalmi cikin leda ko akwati yana da gumi. Takalmin gwanjo kuwa, tun da ba a san ƙafar da ta sa shi ba, sai an wanke shi an shanya tukuna a sa.

Abin da ke cikin gida

In wari ya riga ya kama takalmi, akwai magunguna biyu da ba a rasa su a ko wane gida. Na farko kanwa, wadda fatake ke kawowa daga wajen Tafkin Cadi da ƙasar Nijar. Ko wace yarinya ta ga yadda uwarta ke jefa 'yar kanwa cikin miyar yakuwa tsami ya mutu. Shi ya sa a ke cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Da ya ke wani sashi na warin takalmi tsami ne, kanwa tana yi masa abin da ta ke yi wa yakuwa. A daka ta ta yi laushi, a ƙulla kamar cokali biyu cikin ƙyalle ko tsohuwar safa, a sa cikin ko wane takalmi ya kwana, da safe a cire. Kada a barbaɗa ta haka nan a sa ƙafa a kai, gama tana da kaifi, ta kan ci fatar mutum, ta kan kuma ɓata takalmin fata. Garin soda da masu yin burodi da kek ke aiki da shi ɗan'uwan kanwa ne, haka shi ma a ke yi da shi.

Na biyu gawayi. Jikinsa cike ya ke da 'yan ƙananan ramuka, su ke kama wari da laima su riƙe. A farfasa busasshen gawayi, a ƙulla a ƙyalle don kada ya baƙanta takalmi, a bar shi ciki dare guda ko biyu.

Turare kuwa ba magani ba ne. Ba ya busar da laima. In an fesa shi cikin takalmi mai wari, sai ƙamshi da ɗoyi su gamu su haifi wani abin da ya fi na farko muni. Takalmin da sosonsa ya riga ya ruɓe, aka wanke aka shanya wari bai fita ba, a kai wa mai gyara ya sake masa shimfiɗar ciki, in kuwa ya ƙi, a haƙura da shi.

Zancen lafiya

Wari ɗan aike ne, yana ba da labarin ƙafa ba ta cikin hali mai kyau. Laimar da ke kawo shi ita ke kawo cin ruwa, watau tsakanin yatsu ya yi fari, ya riƙa ƙaiƙayi, ya tsage. Wani irin fumfuna ne ke haddasa shi, ana kuwa ɗaukarsa ta aron takalmi ko safa. Inda fata ta tsage, nan waɗansu cututtuka ke samun ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya ga haka a ƙafarsa ya faɗa wa iyayensa su kai shi asibiti, akwai man shafawa da ke warkad da shi. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar duba ƙafarsa kullum, don ɗan ƙaramin rauni a gare shi ya kan zama gyambo mai wuyar warkewa.

Akwai kuma wani abin mamaki. A 1995 da 1996 waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Bart Knols da Ruurd de Jong, sun nuna cewa sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka warin ƙafa ya ke bi, shi ya sa ya fi cizon ƙafa da idon sawu. Da aka wanke ƙafa da sabulu mai kashe ƙwayoyi, sai ya rage tafiya can. Har suka gwada shi da wani irin cuku mai wari na ƙasashen Turai, wanda a ke yi da dangin ƙwayoyin nan na ƙafa, sauro ya bi shi kamar ƙafar mutum ce. Wanke ƙafa kafin a kwanta abu ne mai kyau ke nan, amma ba ya tsaya wa gidan sauro, tilas a shiga cikinsa.

Kada kuma wani ya ce tun da takalmi ke kawo wari, gara a yi yawo ba shi. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. A ƙasa mai laima inda a ke bayan gida a sarari akwai 'ya'yan wata tsutsa masu huda fatar ƙafa su shiga jiki. Su kan zauna cikin hanji suna shan jini, yaro ya rame, ya yi fari, ya kasa karatu. Takalmi shi ne garkuwa daga gare su. Wanda ya shanya nasa a waje kuwa, ya kakkaɓe shi kafin ya sa, don kunama tana son lungu mai duhu.

Dukan abin nan ba ya cin kuɗi mai yawa. Ruwa ne, da sabulu, da rana, da iska, da 'yar kanwa ko gawayi. Abin da ya fi wuya shi ne a riƙa yi kullum ba fashi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba wanke ƙafarsa da shanya takalminsa tun yana firamare, in ya girma zai tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ko a zauren Sarki, ya shiga cikin mutane hankalinsa kwance.

Tambayoyi

1. Kalmar wari tana da ma'ana biyu cikin wannan darasi. Waɗanne ne?
2. Waɗanne abubuwa uku ƙwayoyin bakteriya ke bukata su yaɗu?
3. Mene ne amfanin bagaruwa ga majemi?
4. Don me ba a shanya takalmin fata cikin rana mai ƙuna?
5. Yaya a ke aiki da kanwa a kashe warin takalmi?
6. Wace cuta ke kama mai yawo ba takalmi a ƙasa mai laima?